Diyyar Hannuwan Tsoho

A takarda Abdulilah aka rubuta, amma ko matarsa sai ta yi ɗan tunani kafin ta tuna da wannan suna. Tsoho kowa ke ce masa tun yana zanin goyo, domin sunan kakansa Abdu ya ci, kuma a gidansu babu mai iya buɗe baki ya kira sunan dattijon gatsau. Kakan nan da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja. Ya shekara goma sha ɗaya a hanya, ya yi ƙwadagon auduga a Sudan, ya yi aure a can, ya binne 'ya'ya biyu, sannan ya tsallako teku da ragowar iyalinsa. Ranar da ya yi ido biyu da Ka'aba ya ce shi kam ya iso, babu inda zai ƙara zuwa.

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haifi jikan, a wani ɗaki da ke bayan shagon mai gyaran takalma, cikin lungun da ko tasi ba ta iya shiga. Karatunsa bai yi nisa ba. Ya yi dako a kasuwa, ya yi wankin mota, ya yi leburanci a ginin otal. Yana da shekara ashirin da huɗu wani maƙwabci ya kai shi wurin Alhaji Majid.

Alhaji Majid shi ma jinin Hausa ne, sai dai kakanninsa sun riga zuwa, sun zama 'yan ƙasa tun da wuri. Yana da gidan mai, abin da mutanen Makka ke ce wa mahaɗɗa, a unguwar Aziziyya, a bakin titin da ya miƙe zuwa Muzdalifa. Famfunan fetur huɗu a gaba, famfon dizal ɗaya a gefe domin manyan motoci, sai ɗan kanti irin wanda ake kira bagala, inda ake sayar da ruwan sanyi da nono da biskit da laima da silifa. Ya dubi Tsoho sama da ƙasa, ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. Da ya ji sunan kakan sai ya ce, "Gobe bayan Asuba ka zo." Shi ya tsaya masa har aka yi masa iƙama, takardar zama, da sunan mahaɗɗar.

Shekara talatin da huɗu Tsoho ya yi a kan famfon dizal ɗin nan.

Wani zai ce me ke cikin zuba mai? Ka ciro tiyo, ka zura, ka matsa, ka mayar. Haka ne, amma Tsoho Allah Ya ba shi kunne. Tun bas tana daga nesa yake sanin halinta. Sai ka ji ya ce wa direba, "Ɗan'uwa, bel ɗin injinka ba zai kai ka Mina ba," direban ya yi masa kallon raini, in an jima ya dawo da ƙafa yana neman makanike. Direbobin da ake ɗaukowa daga Masar da Sham lokacin Hajji su kan ba wa juna labarinsa, har sababbi su zo suna tambaya, ina baƙin mutumin nan da ke jin ciwon mota? Ya san inda kowace irin bas ke ɓoye bakin tankinta, ya san inda ake ɓoye ɗan mariƙin da ke buɗe ƙofa daga waje in ta maƙale, domin sau da yawa shi ke buɗe wa direban da ya kulle kansa a waje.

A cikin waɗannan shekaru ya auri Shatu, wadda iyayenta ta Chadi suka biyo. Ita ke daka yajin da masu tsiren unguwa ke saye, kuma duk wanda ya shiga lungunsu da hantsi sai ya yi atishawa kafin ya yi sallama. Suka haifi Hisham, wanda ya girma ya zama direban tasi, da mata biyu da suka yi aure a Jidda.

Da Alhaji Majid ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, 'yarsa Nuha ta karɓi ragamar wurin. Ta yi karatun kasuwanci a jami'a, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, kuma Tsoho ya san ta tun tana biyo uban tana kukan a ba ta askirim a bagala. Uban da baki yake tafiyar da harkarsa. In ma'aikaci ya ji ciwo sai ya sa hannu a aljihu ya kai shi asibiti, in ya warke ya dawo, in bai warke ba a sallame shi da addu'a da ɗan abin da ya samu. Da Nuha ta buɗe takardu sai ta tarar rabin ma'aikatan sunayensu sun faɗi daga ta'minat, wato asusun inshorar da ake sa ma'aikata a ciki, domin in wani ya ji rauni a bakin aiki a yi masa magani, a biya shi diyya. Ta shiga kiransu ofis ɗaya bayan ɗaya.

"Ammu Tsoho, kawo iƙamarka," in ji ta, tana kiransa baffa da Larabci.

"Lafiya, 'yata? Ai ba ta ƙare ba, sai bayan Azumi."

"Inshora zan gyara maka. Ta rauni a wurin aiki."

Tsoho ya yi dariya har sai da ya dafa ƙofa. "Inshora a garin Allah? Ni da nake hangen hasumiyar agogon Harami daga bakin famfona? Wanda Ya tsare ni shekara talatin tsakanin fetur da masu shan taba, ai bai gaji ba."

"Ban ce Ya gaji ba, Ammu. Doka ce. Kuma ko riyal ɗaya ba za a taɓa a albashinka ba, mahaɗɗa ke biya."

Ya ciro katin daga aljihun gaba ya miƙa mata yana girgiza kai. Da ya koma gida ya ba Shatu labari a matsayin abin dariya, ita kuwa ta ci gaba da dakanta, ta ce yarinyar nan ta fi ubanta hankali.

Bayan shekara uku, ranar shida ga Zulhajji, tsakanin Azahar da La'asar, abin ya faru.

Rana ta ƙwalle har kwalta na laushi a ƙarƙashin takalmi. A can gefe tankar fetur na juye mai a rijiyar ƙarƙashin ƙasa. Sai ga wata doguwar bas ta shigo ta tsaya a famfon dizal, cike da alhazan wata ƙasa ta gabas mai nisa, kusan dukansu tsofaffi, ana mayar da su masauki daga Harami. Direban ya sauko ya rufe ƙofa, ya bar injin a kunne saboda na'urar sanyi, ya shige bagala neman ruwa. Tsoho ya zura tiyo, sai kunnensa ya kama wani abu. Wani ɗan ƙara ne siriri daga bayan motar, kamar ana soya albasa. Kafin ya juya warin ƙonannen waya ya bugi hancinsa, sai ga baƙin hayaƙi na tultulowa daga murfin injin, sai ga harshen wuta.

Ya zare tiyon ya yar, ya ruga ya naushi jan maɓallin da ke kashe famfunan wurin gaba ɗaya, ya kwarara wa mai tanka ihu ya rufe bakin mansa. Injin bas ɗin ya mutu da kansa. Ta cikin gilashi ya ga tsofaffin sun mimmiƙe, suna dukan taga da tafin hannu, bakinsu na motsi amma ba a jin komai. Ƙofofin irin wannan mota da iska suke aiki, kuma sun ƙi motsi. Ya durƙusa a ƙofar gaba, ya laluba ƙarƙashin matakala, ya murɗa ɗan mariƙin nan da ya sani. Ƙofar ta yi huci ta buɗe.

Sai dai ƙofa ɗaya ba ta isa ba. Mutum arba'in da shida ne, wasu da sanda, wasu ba sa iya ɗaga ƙafa sai an kama su. Suka cunkushe a gaba, hayaƙi kuwa ya riga ya cika bayan motar. Akwai ƙofa ta biyu a tsakiya, kusa da wutar. Tsoho ya zagaya, ya tarar robar da ke rufe mariƙin ta narke ta liƙe. Sai ya zura yatsunsa a tsakanin ƙyauren biyu ya ja. Ƙarfen ya yi zafin da in ka tofa masa yawu zai yi ƙara. Ya ji fatar tafinsa ta kama, bai saki ba, ya kafa ƙafa a jikin motar ya ƙara ja, har ƙyauren ya ba da hanya.

Sau uku ya shiga cikin hayaƙin. Na farko ya fito da wani dattijo a kafaɗa. Na biyu ya janyo mata biyu da suka rungume juna a ƙasan kujera. Na uku sai da ya rarrafa har kujerar ƙarshe, inda wata tsohuwa ke zaune ba ta ko motsa ba, tana riƙe da jakarta a cinya. Ya sungume ta. Daga baya ya kan ce bai taɓa ɗaukar mutum marar nauyi irinta ba, kamar ƙunshin wanki, kuma duk tsawon hanyar fitowa tana salati a daidai kunnensa, a hankali, ba gaggawa, kamar tana zaune a kan dardumarta.

Hannuwan rigar aikinsa sun sha dizal shekara da shekaru. A fitowar ƙarshe suka kama. Ya dire tsohuwar a inuwar bagala, ya tsaya yana kallon hannuwansa na ci da wuta kamar na wani ne. Ayman, Bayamanen da ke tsaron bagalar, shi ya fito da tulun kashe gobara ya feshe shi, ya kayar da shi ƙasa ya lulluɓe shi da bargo. 'Yan kwana-kwana suka iso cikin 'yan mintoci suka tare wutar kafin ta kai tankar. Shugaban tawagar alhazan ya bi mutanensa yana ƙirgawa da yatsa, ya kai arba'in da shida, ya sake daga farko, ya sake kai arba'in da shida, sai ya zauna a kan kwalta ya rufe fuska da hularsa.

Wata biyu da kwana tara Tsoho ya yi a sashen ƙuna. Aka yanko fata daga cinyarsa aka dasa a damatsansa. Yatsu biyu na hannun dama ba su tsira ba, sauran ukun suka ƙage a lanƙwashe. Hagun ya fi dama-dama, yana iya riƙe cokali in an naɗa masa tsumma. Shatu ta ajiye turmi ta tare a asibiti. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke goge masa gumi, ita ke juya masa fuska alƙibla in lokacin salla ya yi.

Tun yammacin ranar gobarar Nuha ta shigar da rahoto ga ta'minat. Abin da ya biyo baya ya ɗaure wa Shatu kai. Ta zo asibiti da zoben zinarenta ɗaya tilo a ƙulle a bakin mayafi, da niyyar sayarwa in an nemi kuɗin aiki. Babu wanda ya nemi komai. Da wata ya ƙare saƙo ya shigo wayar mijin, Hisham ya karanta mata cewa kuɗin jinya ne a madadin albashi.

"Mutum yana kwance, ko tiyo bai taɓa ba?" in ji ta.

"Haka tsarin yake, Umma."

Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta kwance bakin mayafin ta mayar da zoben yatsanta.

Shi kuwa Tsoho wani abu dabam ne ya cika masa zuciya. Wata rana likitar da ke duba shi ta ɗora hoton ƙashin hannunsa a allo mai haske, tana yi wa ɗalibanta bayani. Ya tambaye ta, duk waɗannan ƙanana-ƙananan a cikin hannu ɗaya suke? Ta ce ƙwarai, ƙashi ashirin da bakwai ne a kowane hannu, ta nuna masa inda jijiyoyi ke bi ta ƙarƙashin wuyan hannu su je su ja kowane yatsa dabam. Tsoho ya ƙura wa hoton ido. Ya san injin bas ciki da waje, bai taɓa ganin ƙira mai kyan wannan ba. Shekara hamsin da takwas yana ɗauke da abin nan guda biyu, yana zuba mai da su, yana cin tuwo da su, bai taɓa tsayawa ya dube su ba sai da suka lalace. Ranar bai ci abincin rana ba, yana ta tasbihi, Shatu har ta ɗauka zazzaɓi ne ya dawo.

Bayan an sallame shi da wata huɗu aka kira shi gaban lajna, kwamitin likitocin da ke auna rauni. Suka sa shi ya matsa wani ƙarfe mai agogo, ya ɗauki allura daga tebur, ya ɓalle maɓallin riga. Suka rubuta cewa ya rasa kaso sittin cikin ɗari na ƙarfin aikinsa, kuma ba zai sake riƙe tiyo ba. Ba a daɗe ba takardar diyya ta fito, saura ya je ya amince a biya shi.

Nan Tsoho ya kafe.

"Ba zan karɓa ba," ya ce wa iyalinsa.

Hisham ya ajiye makullin tasinsa ya shiga yi masa bayani cikin Larabci, da sauri, yana ɗaga murya. Uban ya bari ya gama, sannan ya amsa masa da Hausa.

"Lokacin da na sa hannu a ƙarfen nan, ban tuna da wata takarda ba. Baƙin Allah na gani a cikin wuta. Abin da na yi na miƙa shi inda na miƙa shi. In na karɓi ladana a nan, me zan tarar a can?"

Shatu ta jira ɗan ya ɗauki makullinsa. Sai da ya fita ta zauna kusa da mijin ta ce, "Malam, ni ban san abin da za ka tarar a can ba. Na dai san abin da ke nan. Butar alwala ba ka iya ɗagawa, ni kuma kafaɗata ta fara ƙin taɓarya." Ya sunkuyar da kai, amma bai sauya magana ba. Aka yi mako uku a haka, gidan ba daɗi, ana gaisawa sama-sama.

Wata Asabar da hantsi Nuha ta zo Hindawiyya da kanta. Ta bar motarta a bakin titi ta biyo lungu da ƙafa, ta yi atishawa biyu a ƙofar gida, ta zauna a tabarma kusa da Shatu. Bayan an gaisa an sha shayi ta ciro takardar daga jaka.

"Ammu, an ce ka ƙi."

"Na ƙi, 'yata. Ba raina ƙoƙarinki na yi ba. Amma ba na sayar da abin da na yi."

"To. Ni ba malama ba ce, kuma Hausata ba ta da yawa. Bari kawai in karanta maka abin da ke ciki, ka ji abin da suke saye."

Ta karanta a hankali, tana fassara inda ya cije. Sunan ma'aikaci. Wurin aiki. Rana da lokaci. Irin rauni: ƙuna a hannu biyu. Yatsun da aka cire. Hukuncin lajna. Ta kai ƙarshe ta ɗago kai.

"Ka ji an ambaci alhazai?"

Tsoho ya ce a'a.

"Ka ji an ambaci tsohuwar da ka ɗauko?"

"Ban ji ba."

"Babu gurbin rubuta su, Ammu. Na nema, wallahi na so in rubuta, babu. Da santsin mai ne ya kayar da kai ka faɗa a kan injin mai zafi, wannan takardar za a ba ka, ba ƙari ba ragi. Bara wani mai bagala a Jidda ya faɗo daga tsani yana jera kwalin madara, irinta aka ba shi. Wannan kuɗin hannun ma'aikaci ne da ya daina aiki. Mutum arba'in da shida kuwa babu wanda ya biya ka su. Babu ma ofishin da zai iya."

Tsoho ya ce ta sake karantawa. Ta sake, tun daga sunansa har hatimin ƙasa, yana bin kowace kalma da kunnen nan nasa, ko zai ji inda aka ɓoye wani abu. Bai ji ba. Sai ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, idanunsa suka kawo ruwa.

"Ashe yana nan yadda na bar shi," in ji shi. "Ba a taɓa shi ba."

"Ba a taɓa ba, Ammu."

Shatu ta tashi ta shige kicin da sauri, wai shayi ya huce.

Ranar da suka je ofis aka nemi ya ɗora babban yatsa a na'urar ɗaukar zanen yatsa. Na'urar ta ƙi shi. Aka gwada yatsa bayan yatsa, duk wuta ta shafe zanen, sun yi sumul kamar bayan cokali. Sai a ɗan ƙaramin yatsan hagu aka sami zane cikakke, na'urar ta yi ƙara ta nuna sunansa da hotonsa. Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce wannan ɗan autan ya tsaya wa 'yan'uwansa. Tsoho ya ɗaga yatsan yana dubawa har suka fito titi.

Da diyyar ya saya wa Shatu injin niƙa, taɓarya ta huta. Nuha ta ce ya dawo mahaɗɗa ya zauna a inuwa yana lura da sababbin ma'aikata, ya gwada na tsawon wata guda ya ce a'a, zuciyarsa ba ta jure ganin wani riƙe da tiyonsa.

Da Shawwal ya kama, gari ya fara cika da baƙi, sai Tsoho ya rasa inda zai sa kansa. Tun yana yaro wannan lokaci lokacin aiki ne, ba barci ba hutu. Wata safiya yana zaune a ƙofar gida, Shatu ta fito ta tsaya a kansa.

"Malam, bana me zai hana?"

Ya gane abin da take nufi. Mutumin da aka haifa a Makka, ya yi furfura a Makka, ya yi Umrar da bai san adadinta ba, bai taɓa yin aikin Hajji ba. Kwanakin Hajji su ne kwanakin da mai dako da mai zuba mai ba su da ikon motsawa. Kowace shekara ya kan ce baɗi. Ita ma Shatu haka, ranakun nan ne masu tsire suka fi neman yaji. Hisham ya shige gaba ya nemo musu izini, ya biya musu kujera a wata tawaga ta mazauna gari.

Ɗan ne ya ɗaura masa harami, domin yatsunsa ba sa iya ƙulli. Safiyar Arfa ya hau bas ya zauna a kujerar taga. Da aka tayar da injin ya karkata kai ya saurara, sannan ya raɗa wa Shatu cewa wannan lafiyarta ƙalau.

Bayan Azahar ya ce shi ba zai zauna a tanti ba, yana so ya gani. Shatu ta buɗe laima ta riƙe musu, suka fita. Ya sha ganin filin nan a talabijin ɗin bagala, amma talabijin ba ta gaya masa komai ba. Fari ne iya ganin ido, har gindin duwatsu, har saman duwatsun, mutane kamar an zazzage su daga sama. Kowa da harshensa, kowa da kukansa, kuma duk muryoyin sun haɗu sun zama gunji ɗaya mai taushi da yake ji har a ƙirjinsa. Ya ce wa Shatu, "Duk waɗannan ta gabana suke wucewa, ban sani ba."

Wani ma'aikaci ya biyo yana tura amalanke cike da robobin ruwan sanyi, yana rabawa. Mutum ne mai furfura a gemu, rigar aikinsa ta jiƙe sharkaf. Ya miƙo wa Tsoho roba, ya lura da hannuwan, sai ya janye ta ya murɗe murfin da kansa, ya kai masa baki.

"Sha, baƙon Allah," ya ce da Larabcin da ba na gado ba.

Tsoho ya sha har ya ƙoshi. Ya tambaye shi, "Shekara nawa kana wannan aiki?"

"Wannan ta goma sha bakwai."

"Ka taɓa yi da kanka?"

Mutumin ya yi ɗan murmushi ya girgiza kai, ya kama amalankensa ya nausa cikin jama'a, domin akwai masu jira.

Tsoho ya zo da addu'o'i da yawa a ransa, na iyaye da na 'ya'ya da na Alhaji Majid da ke kwance. Ya fuskanci alƙibla ya ɗaga hannuwansa iya inda suke iya kaiwa, sai ya ji bakinsa ya fara da mai amalanken, wanda ko sunansa bai tambaya ba. Ya roƙa masa shekarar da zai tsaya a filin nan cikin farin mayafi, wani ya ba shi ruwa. Shatu ta sauya laimar zuwa ɗaya hannun, ta matso da ita kansa sosai, ta ce amin.